Cok ɗin dogon ƙwai yana ƙugi yana wari, wa ya taɓa gani?

Tela daga Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Dogayen ƙwayayen lantarki biyu ne a shagona, masu tsawon ƙafa huɗu, wat 36. Sati biyu ke nan ɗaya yana ƙyafƙyaftawa, bakinsa biyu sun yi baƙi, cok ɗin kuma, wato na'urar ƙarfen nan da ke daidaita wa ƙwan wuta, yana ƙugi kamar ƙudan zuma. Jiya bayan Isha'i sai na ji warin ƙonewa, na kai hannu kusa da ƙarfen, zafi ya koro ni. Na kashe, amma ban runtsa ba, domin kayan sallar mutane ne maƙil a shagon. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini yadda ya yi.

Mai shayi a Alabar:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake kunna shi. Ni haka na yi ta cewa gobe, gobe. Wanda ya haɗa mini ya ɗaure cok ɗin ne kai tsaye a jikin falankin silin, babu gidan ƙarfe. Ranar da aka kwance, wurin ya yi baƙi ƙirin, siffar cok ɗin ta fito a katakon sak kamar an ɗora dutsen guga an manta. Allah ne kawai ya tsare.

Masta mai lantarki, Asawase:
Alhamdu lillahi da ka kashe. Bari in gaya maka abin da ke faruwa a ciki, shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki a Kumasi.

Cok waya ce aka naɗe a jikin ƙarfe. Shi da sitata, wato ɗan ƙaramin abin nan mai kamar gwangwani da ake murɗawa a gidan ƙwan, su ne suke ba ƙwan bugun farko don ya kama, bayan ya kama kuma cok ne ke riƙe wutar kada ta wuce ƙima. Idan ƙwai ya tsufa, irin naka da bakinsa ya yi baƙi, ba ya kamawa, sai sitata ya yi ta gwadawa ba hutu. Wani lokaci sitatan ya maƙale, ka ga bakin ƙwan biyu sun yi ja, tsakiya duhu. A nan wutar da ke bi ta cok ta fi wadda aka yi shi don ta, sai ya yi ta ɗaukar zafi har fentin wayarsa ya fara ƙonewa. Warin da ka ji ke nan. Cok da ya kai ga wari ya gama aiki, a sake shi, da ƙwan da sitatan duka.

Wajen saye ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Wutarmu a Gana bolt 230 ce, kuma cok na wat 36 shi ne na ƙwanka, kada a ba ka na ƙaramin ƙwai mai wat 18 a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne makunni. Gidaje da yawa a zangonmu an juya wayar, makunnin yana yanke nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, waya mai wutar kuwa tana nan zaune a cikin gidan ƙwan ko an kashe. Ni kaina ta taɓa fizga ta a kan tsani, a wani gidan haya, na faɗo na gurɗe ƙafa, wata guda ina ɗingishi. Tun daga ranar, bireka, wato makunnin da ke yanke wutar daga tushe, nake kashewa, in sa testa in ga ko akwai wuta, sannan in taɓa. Idan akwai kafasita a ciki, wato 'yar na'urar da ke tara wuta, ita ma tana iya riƙe wuta bayan an yanke. Gidan ƙarfen kuma dole a ɗaura masa wayar ƙasa, mai kore da rawaya.

Hajiya mai koko, Sawaba:
Masta, Allah ya saka. Ni tawa ta fashewa ce. Jikana ya sauke ƙwan ya jingine a bango, ya zame ya tarwatse kusa da roba ta gasara. Na ɗauko tsintsiya, maƙwabciyata mai aikin asibiti ta riƙe hannuna, ta ce akwai makuri a ciki, wani sinadari mai guba, shara tana tayar da ƙurarsa. Muka buɗe taga, muka fitar da yara, bayan ɗan lokaci muka kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, muka ƙulle a leda. Gasarar kuwa zubarwa na yi, raina yana ɓaci, amma ba zan ba mutane ita ba.

Yaron gareji, Suame Magazine:
Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan, wajen 2015, idan wuta ta dawo da rauni ƙwayayenmu ba sa kamawa sam, sai ƙyaftawa. Maigidana a gareji ya sa aka koma cok na ilaktaronik, marar sitata, marar ƙugi. Ni na haɗa na farko da irin haɗin tsohon, ya ƙone nan take, aka cire kuɗin a aljihuna. Ashe zanen haɗin yana nan a jikinsa, ban duba ba.

Masta mai lantarki, Asawase:
Ɗana, ba kai kaɗai ba. Haka masu komawa ƙwan LED, irin sabon nan mai cin wuta kaɗan, suke yi. Wani ƙwan ana shigar masa da wuta ta baki guda, wani ta baki biyu, wani sai an cire cok an tsallake shi. Kwalinsa zai faɗa. Idan aiki ya wuce canza ƙwai, a nemi mai lantarki mai takardar Energy Commission, wato hukumar makamashi ta Gana, dokar wayarin ta 2011 ma haka ta ce.

Tela daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Masta, na gode Hajiya. Da safe na kira mai lantarki, ya kashe bireka ya kwance. Cok ɗin ya kumbura, robar wayar da ke kusa da shi ta narke ta manne. Da ya gwada kuma, makunnina nutural yake yankewa, kamar yadda Masta ya faɗa. Ya gyara wannan, ya tsallake cok ya sa LED a na gaban keke. Na biyun yana nan da tsohon haɗinsa, mun yi da shi zai dawo ranar Asabar.