"Da tsohuwar zuma ake magani": ta hau kan sake tsofaffin finafinai?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu nan Tawa gardama ta kaure. Wani ya ce ya kamata samari su sake ɗaukar finafinan marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, da kayan aikin zamani, ya kafa hujja da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai raina bai kwanta ba. Manya, a nan ne muhallinta?

Kawu: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba muhallinta ba ne. Zumar da ake nufi ita ce wadda aka adana a tulu ta shekara, ba a taɓa ta ba. In ka zuba mata sukari ka sake dafawa, ta tashi daga zuma. Ana yin maganar ne in sabo ya gaza aka koma wa tsoho yadda yake. Fim ɗin Oumarou Ganda, shi ma ɗan Nijar, da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, wa zai maimaita shi? Kama da wane ba wane ba ce.

Malama: Kawu, a gafarce ni. Magani fa sai an sha. Zumar da ke rufe a tulu wa ta warkar? Ɗalibaina a Yamai kullum suna wucewa ta gaban cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda, amma da na tambaye su, ba wanda ya taɓa kallon aikinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kuma shi kansa Alassane, a 1966, labarin kaboyin Amurka ya ɗauko ya sa wa samarin ƙauye huluna da bindigogi, ya nuna yadda kwaikwayon baƙo ke hargitsa gari. Ai wannan ma sakewa ce, kuma ta zama tamu.

Kawu: Shi da abin faɗa ya zo, 'yata. Wanda ba shi da sabon zance, ɗumame kawai zai ba mu.

Ɗan Adar: To Kawu, ɗumame ai wani sa'in ya fi tuwon dare daɗi.

Malama: Ina ga abu biyu muke haɗawa. Akwai gyaran tsohon fim, akwai sake shi. Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an tsinto faifansa a Legas, aka gyara, aka nuna a Berlin a 2018. Wannan kam tsohuwar zuma ce, ko Kawu ba zai musa ba.

Kawu: Ban musa ba. A fara kawo mana na Alassane a haska a Tawa, garin da ya zauna shekaru, yara su gani da idonsu. In sun gani suka ce za su sake, ni zan ba su aron dokina.