Me za mu kira "plant-derived compound" a maganar sankarar jini?

Mai fassara: Assalamu alaikum. A rubuce-rubuce kan sankarar jini ana yawan cin karo da wannan laƙabi, ana nufin magungunan sankara irin su vincristine da vinblastine. Wasu na cewa "maganin gargajiya", wasu "maganin ganye". Malamai, wanne ya fi?

Likitan jini: Wa alaikumus salam. Don Allah a ajiye duka biyun. Gaskiya ne daga ganyen Catharanthus roseus, furen nan ɗan asalin Madagaska, ake samo vincristine. Sai dai ganyen na ɗauke da alkaloyid (wani rukunin sinadaran tsiro) fiye da iri ɗari, kuma sai an sarrafa ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a tara giram ɗaya. Babba ana ba shi miligiram 1.4 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jikinsa, galibi ba a wuce miligiram 2 a lokaci guda, kuma ta jijiyar jini kaɗai. In aka kuskura aka zuba shi a ruwan laka, kusan kullum ajali ne. Ko an bi ƙa'ida, yatsu kan daina jin taɓi sosai, ciki ya bushe. Mai lalura na jin "maganin ganye" zai ɗauka tafasa ganyen zai yi masa aikin. Abin da ke tayar min da hankali ke nan.

Malamin Hausa: Dakta ya yi gaskiya. Jiƙo da tsimi sunan haɗi ne mai ɗauke da duk abin da ke cikin tsiron. Nan kuwa abu ɗaya tak aka ware. Ya kuke ganin "tataccen sinadarin tsiro"?

Mai harhaɗa magunguna: Malam, ya kusa, amma etoposide, wani maganin sankarar, ba zai shiga ciki ba, domin babu shi a jikin kowane tsiro. Abin da ke cikin Podophyllum peltatum na Arewacin Amurka shi ne podophyllotoxin, mai tsananin guba, sai aka sauya masa gini a ɗakin bincike. Har aikin ya sauya: na asalin tubulin (wani furotin na cikin ƙwayar halitta) yake kamawa, kamar vincristine, ya hana ƙwayar halitta rabuwa, etoposide kuwa topoisomerase II (furotin mai yanke zaren DNA ya sake haɗa shi) yake tarewa, zaren DNA ya tsinke ya kasa haɗuwa. Haka omacetaxine, wanda Amurka ta amince da shi a 2012 don CML, wani nau'in sankarar jini: daga bishiyar Cephalotaxus aka faro, a ɗakin bincike ake ƙarasa shi. Tacewa kaɗai ba ta isa ba.

Mai fassara: To "sinadari mai tushen tsiro" fa?

Malamin Hausa: A'a, "tushe" zai kai hankalin mai karatu ga saiwa, alhali vincristine a ganye yake. A ce "sinadari mai asalin tsiro", jam'i "sinadarai masu asalin tsiro". Ya ɗauki wanda aka ware da wanda aka gyara.

Likitan jini: Na yarda, da sharaɗi ɗaya: kada a liƙa masa "magani" sai ya tsallake gwaji a jikin mutane. Parthenolide na tsiron feverfew yana kashe ƙwayoyin AML, wani nau'in sankarar jinin, a ɗakin bincike, amma da ƙyar yake narkewa a ruwa, bai cika isa jini yadda ake buƙata ba. Irinsa a rubuta "sinadari mai asalin tsiro da ake gwajinsa".

Mai fassara: Madalla, haka zan sa. Allah ya ƙara basira.