Ƙanƙarar kan duwatsu na narkewa, mu 'yan Gombe ina ruwanmu?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana a taimaka min, kullum sai ka ji a rediyo ana cewa ƙanƙarar kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ta kusa ƙarewa, wai tun daga 1912 zuwa yanzu sama da kashi 80 cikin 100 ta tafi. To ni abin da ban gane ba, mu da ko ƙanƙara ba mu da ita sai ta firij, wannan magana ta shafe mu ne ko kuwa dai damuwar Turawa ce kawai?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ta shafe mu mana, ka bar batun ƙanƙara ka tambayi kanka daga ina ruwa yake gangarowa. Duk babban kogi za ka samu daga tudu ya taso. Can Asiya duwatsun Himalaya ne ke shayar da kogin Indus da Ganges, mutane kusan biliyan 2 sun dogara da ruwan da ke saukowa daga yankin, in ƙanƙarar ta narke da sauri sai ambaliya ta fara zuwa, bayan wasu shekaru kuma ruwan rani ya ja baya tunda ajiyar ta ƙare. Mu kuma kogin Gongola daga tsaunin Jos ya taso, ya ratsa jihar Bauchi kafin ya iso dam ɗin Dadin Kowa, kuma ai daga dam ɗin ake turo mana ruwan famfo. In aka aske bishiyoyin can sama ruwan sama ba ya samun abin da zai riƙe shi, sai ya kwaso ƙasa da yashi ya zube a ƙasa, rani na yi kuma rafi ya ƙafe.

Tula_Boy:
Hajiya kin gama magana wallahi. Ni ɗan Tula ne a ƙaramar hukumar Kaltungo, a kan dutse aka haife ni, don haka bari in faɗa muku ta ciki. Kakanninmu ba su taɓa jin kalmar sauyin yanayi ba amma sun san yadda ake riƙe ƙasa, jera duwatsu suke yi a jikin gangare hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane hawa ya tare ƙasa da danshi a shuka dawa da wake a kai. Irin wannan noman ne a Gwoza, da Sukur ta jihar Adamawa wadda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Amma fa aiki ne na hannu, duk shekara kafin damina sai an bi an ɗaga dutsen da ya zame an mayar da shi mazauninsa, yanzu kuma samarin duk mun sauko gari, wannan yana acaɓa wancan yana Abuja, tsofaffi kaɗai aka bari, in jeri ɗaya ya ɓalle ba a gyara ba ruwan Agusta ɗaya ya isa ya wanke na ƙasa da shi. Ni kaina ina cikin masu laifin, amma me zan zauna in ci a can?

Injiniya_Bauchi:
Ni inda nake da ja shi ne yadda ake ɗora wa mutanen ƙauye laifin sare itace. Gawayin da ake lodawa a mota buhu-buhu waye yake saye? Mu ne 'yan birni, tunda gas ya yi tsada kowa ya koma kurfoti. Haka tsakuwar da muke gini da ita, dutse ake sa wa nakiya a fasa, ƙura da tsagewar bango na mutanen gindin dutsen, kuɗin kuma na wasu. Kuma wannan ba a Najeriya kaɗai ba ne, kusan ko'ina na kan dutse shi ne hanya da asibiti ke isa wurinsa a ƙarshe. Bambancin dai wasu suna da shiri. A watan Mayun 2025 ƙanƙara da duwatsu suka rufto kan ƙauyen Blatten a Suwizalan suka binne kusan duk garin, amma da yake ana auna motsin dutsen an riga an kwashe mutane wajen 300 kwanaki kafin abin ya faru. Mu nan kwarin zaizaya yana cin gidaje a tsakiyar Gombe ido na gani, sai ya ci sannan a zo jaje.

Ɗan_Tudun_Wada:
Kai jama'a na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Tula_Boy wai har yanzu akwai masu jera duwatsun nan sosai? In akwai ina son in je in gani kafin ruwa ya sauka.

Tula_Boy:
Akwai mana, sai dai ka shirya ƙafarka don wasu gonakin mashin ba ya kaiwa. Ka bari sai wajen Afrilu lokacin sharar gona, kuma ka zo da takalmi mai kyau ba silifas ba.