An hana ni wasa uku, an ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce

Daga zauren WhatsApp na ɗalibai Hausawa masu karatu a Saudiyya

Mai Lamba Huɗu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Lahadi abin nan yake cina a rai, gara in amayar. A gasar ƙwallon kulliyoyi ta jami'armu, daren Alhamis bayan isha'i, muna buga wasan ƙarshe na rukuni da 'yan Kulliyar Luga. Saura kamar minti bakwai a tashi, ɗan wasansu ya zube a cikin yadi na 18, ko rigarsa ban taɓa ba, alƙalin wasa ya busa fenariti. Na je gabansa hannuwana a baya na ce masa "ittaƙillah", wato ka ji tsoron Allah. Wallahi iyakar abin da ya fita daga bakina ke nan. Sai ya zaro jan kati. Ban ƙarasa masaukin ɗalibai ba aka turo wa kyaftin saƙo cewa lajna, wato kwamitin gasar, ta hana ni wasa uku, wai na ci mutuncin alƙali. Takardar dokokin gasar ta ce mai ɗaukaka ƙara ya yi cikin awa 24, a rubuce, kyaftin ya kai ofis da hannunsa. To a ƙasar nan wa ake samu a ofis Juma'a da Asabar? Lahadi da sassafe muka kai, aka ce lokaci ya wuce. Kuma mutum ukun da suka yanke hukuncin, su ne dai masu duba ƙarar. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Wasa uku shi ne kwata, semi da fainal, kun ga an gama da ni ke nan. Wannan zalunci ne.

Abu Maryam: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka ƙanena, amma ka janye kalmar zalunci. Ka san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, zalunci duffai ne ranar ƙiyama. Mutanen nan ba biyansu ake yi ba, lokacin muraja'arsu suke bayarwa don ku yi wasa. Ka ce sun yi kuskure, wannan zan saurare ka.

Ɗan Damagaram: Malam Abu Maryam, da girmanka, mene ne ta'arifin zalunci a wurin malaman luga? Ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. An ɗauki hukuncin mai zagi an ɗora wa wanda ya yi nasiha. In ba zalunci ba me sunansa?

Bakano: A'a akhi. Alƙali idan ya yi ijtihadi ya kuskure yana da lada ɗaya, ba a kiransa azzalumi. Zalunci sai da ganganci.

Ɗan Damagaram: A wane littafi ka karanta cewa sai da ganganci? Kawo shafi.

Bakano: Kai ma ba ka kawo shafi ba.

Mai Lamba Huɗu: 'Yan uwa, ni maganar awa 24 nake yi, da kuma lajna ɗaya da take hukunci take duba ƙara.

Abu Maryam: Za mu zo nan. A fara gyara lafazi tukuna, domin in harshe ya karkace duk abin da ya biyo baya a karkace yake.

Tsohon Rafali: Ni na hura usur shekara shida a gida kafin in zo karatu, bari in faɗi abin da doka ta ce. Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙalin wasa a kan abin da ya faru a fili shi ne ƙarshe, don haka maganar ka taɓa shi ko ba ka taɓa shi ba ta mutu tun a daren. Doka ta 12 kuwa ta raba abu biyu. Jayayya da alƙali katin gargaɗi ne. Zagi ko kalamin wulaƙanci shi ne jan kati kai tsaye. Jan katin kansa wasa ɗaya yake ci. Sauran biyun ƙari ne daga lajna, kuma ƙari irin wannan ne ake ɗaukaka ƙara a kansa. Da ni ne ke riƙe da usur, ruwan ɗorawa zan ɗaga maka in wuce.

Haifaffen Jidda: Ku ba ku san yadda kalmar take sauka a kunnen mutanen nan ba. Ni a nan aka haife ni, kakana ma a nan aka binne shi. Ka tsaya gaban mutum cikin taro ka ce masa ittaƙillah da ƙarfi, ce masa ka yi maci amana. Kuma ina gefen fili a daren, hannuwanka ba a baya suke ba, akhi. Yatsa ka nuna.

Mai Lamba Huɗu: Subhanallah! Yatsa?

Ɗan Damagaram: Ku tambaye shi wace kulliya yake. Ɗan Luga ne, fenaritin nasu ne. Ai ba a tambayar kura labarin akuya.

Haifaffen Jidda: Zamana ɗan Luga ya makantar da ni ne? To wa yake da bidiyo?

Kyaftin: Akwai wanda ya ɗauka, amma daga bayan raga ne, fitila ta haske shi, ba a ganin komai sai inuwa.

Bakano: Ka ga ni. Babu bayyina, amma an riga an kira bayin Allah azzalumai.

Basakkwace: Ni dai abin da na sani doka doka ce, ko ta yi ɗaci. A 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasanta da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu. An tashi 1-1 a fili, FIFA ta mayar da shi 3-0 ta ba Aljeriya. Ɗan garinmu ne, ya yi mana zafi, amma ba mu ce zalunci ba.

Ɗan Damagaram: Don kun riga kun samu tikitin Rasha shi ya sa kuka yi shiru. Kuma a shekarar nan dai FIFA ta soke wasan Afirka ta Kudu da Senegal ta sa aka sake, ta kori alƙalin wasan, Joseph Lamptey na Ghana, har abada. Ashe alƙali ma ana kama shi.

Ɗan Kumasi: Me ya kawo Ghana cikin maganar nan? Kullum in za a kawo misalin ɓarna sai a nemo mu.

Tsohon Rafali: Wancan sayar da wasa ne aka tabbatar, ba irin wannan ba ne.

Bakano: Ko Ronaldo an ba shi jan kati a Super Cup na Saudiyya a watan Afrilun 2024 a Abu Dhabi, da ya kai wa Ali Al-Bulaihi na Al-Hilal gwiwar hannu. Ya fita, duniya ba ta tashi ba.

Basakkwace: Bulaihi ne ya tsokane shi, kowa ya gani. Ku 'yan Hilal kun saba alƙalai suna share muku hanya.

Bakano: 2-1 aka ci ku, je ka duba.

Basakkwace: Mu 'yan Al-Nassr ne muka ɗauki kofin lig a 2019 da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars ɗinku ma, amma ka bar shi kana bin Hilal.

Kyaftin: Tunda ana maganar haƙƙi, mutum huɗu har yau ba su biya riyal 35 na riga ba, kuma mukafa'a, alawus ɗinmu na ɗalibai, ta shiga tun makon jiya. Biyu suna cikin masu magana yanzu.

Ɗan Damagaram: Kyaftin, in da ni kake, ka kira suna. Rigar da ka ba ni ko kafaɗata ba ta shiga ba.

Ustaz na Dukturah: Ƙannena, yaron nan ya kawo magana mai tushe kun bar ta. A wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari akwai cewa hukuncin da ka yanke jiya kada ya hana ka komawa ga gaskiya in ta bayyana maka. Kuma an hana alƙali yanke hukunci kafin ya ji ɓangare na biyu. Ko wasannin duniya suna da kotu daban a Lausanne ta Suwizalan tun 1984, don kada mai hukunci ya zama shi ne mai duba kansa. A rubuta wa Imada, wato ofishin kula da ɗalibai, a nemi a riƙa ƙirga awa 24 daga ranar aiki.

Abu Maryam: Na yarda Ustaz, amma ko a wasiƙar kada kalmar zalunci ta shiga.

Ɗan Damagaram: In ba ta shiga ba ni ba zan sa hannu ba.

Admin: To jama'a, dare ya yi, gobe akwai muhadara ƙarfe bakwai. Abin da aka tsayar: mafi yawa sun yarda kalmar zalunci ba ta dace ba, ɗan uwanmu ya janye ta. Shaidar da yake gefen fili ya tabbatar an nuna yatsa. Tsohon Rafali ya bayyana cewa hukuncin alƙali shi ne ƙarshe. Masu bashin riga su biya. Muna taya Kulliyar Luga murnar zuwa kwata fainal. Zan rufe zaure zuwa asuba.

Tsohon Rafali: Admin, rabin maganata ka ɗauka. Na ce katin gargaɗi ya kamata.

Mai Lamba Huɗu: Ban janye komai ba, kuma ba a ƙirga kowa ba balle a ce mafi yawa. Ustaz, kwata fainal ranar Talata ne. In na kawo takardar dokokin ɗakinka gobe bayan azahar, za ka duba mini Larabcin wasiƙar?