Kalangu bebe ne? Muhawarar da ta tashi a zauren masu sauraren kiɗa na Maradi

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan zaure. Ina da ƙorafi, kuma yau sai na faɗe shi. An buɗe zauren nan don mu riƙa musayar kiɗan da babu waƙa a cikinsa, na gida da na waje, kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa bai taɓa ji ba. Amma rabin abin da ake turowa yanzu ba ya sauraruwa. Mutum zai kunna kiɗa a wata waya, ya kara tasa a bakin lasifika, ya danna saƙon murya ya turo mana. Saƙon murya don magana aka yi shi. Yana matse sauti, ya haɗe kunnen dama da na hagu wuri guda, ya cinye amon ganga na ƙasa, ƙarar zobban da ke wuyan garaya kuwa sai ta koma shuuu. Don Allah ku turo fayil ɗin na asali ta wurin da ake tura takardu. MP3 mai lambar inganci 128 minti ɗaya kusan mega 1 ne, mai 320 kusan mega 2 da rabi, kiɗan minti 6 bai isa ya cinye forfen kowa ba. Kuma ku sa wa fayil suna, abin kiɗan da garin da aka ɗauke shi. In ba haka ba, kiɗan beben nan da muke tarawa, nan da wata uku babu wanda zai san wanne ne wanne.

Baba Mai Kalangu: Wa alaikumus salam. Ɗana, mi ka ce? Kiɗan bebe? Kalangun da anka turo jiya shi ne bebe?

Ɗan Bagalam: Baba, ku yi haƙuri, nufina wanda babu muryar mutum a ciki. Maganata kan fayil take.

Baba Mai Kalangu: A'a, ka riga ka faɗi. Zo in gwada maka yadda beben naka ke magana. Kalangu kango ne mai siririn tsakiya, fata a baki biyu, fatar ɗan akuya mai laushi, tsarkiyoyi sun haɗa wannan baki da wancan. Ka rataya shi a kafaɗar hagu, ya kwanta ƙarƙashin hammata. In ka matse tsarkiya fata ta ɗaure, murya ta hau. In ka saki ta sauka. In ka buga sannan ka saki a hankali, ka sami muryar da ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Hausa kuwa da waɗannan ukun take tafiya. Shi ya sa mahauci yana bakin aikinsa zai ji an buga takensa ya ɗago kai, ba wanda ya buɗe baki. Ɗan kokowa ma haka, yana zaune a gefen fili, a taɓa takensa ya miƙe tsikar jikinsa na tashi.

Malamin Lakwal: Baba, da girmanku, a nan akwai gyara. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar murya da tsawon gaɓa, amma ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Ku ɗauki rana, suna da kifi. Dukansu gaɓa biyu ne masu tsawo, duka murya sama. A kan fata bugu ɗaya ne, babu abin da zai raba su. Wanda ya ji ya gane, ya riga ya san taken ne tun da farko, kansa ne ke cika kalmomin. Ku kawo baƙo daga Damagaram wanda bai san taken mutanenmu ba, ku buga masa, ku ga ko zai faɗi abin da aka ce.

Baba Mai Kalangu: Malam, wa ya ce maka take kalma guda ne? Magana ce doguwa, mai kirari a ciki, ita ke hana ruɗewa. Kuma baƙon naka, in anka yi masa Zabarmanci bai ji ba, sai ka ce Bazabarme bebe ne?

Malamin Lakwal: Wannan ba hujja ba ce, Baba. Zabarmanci ana faɗin sabuwar magana da shi kullum. Ku aiki yaro kasuwa da kalangu ya sayo tiya biyu ta gero da manda, mu gani.

Na Tsibiri: Ku duka kun bar babbar magana. In ana zancen abin da ke magana ba da baki ba, algaita ta gaba. Huji huɗu gare ta, da ɗan haki mai baki biyu wanda ke shiga cikin baki gaba ɗaya, da ɗan faifan da leɓɓa ke jingina gare shi. Mai busa shina tara iska ga kumatu, shina jan numfashi ta hanci, sauti bai yankewa har a ƙare kirarin. Kalangu buga-tsaya na, algaita ko tana jan magana kamar yadda maƙoshi ke ja. Sannan kakaki, ya wuce mita 2, murya biyu kawai gare shi, amma in ya tashi ba wanda bai san sarki ya fito ba. Wanda ke son jin ta yadda ta kamata, shi zo Tsibiri ranar hawan salla.

Ɗan Maradawa: Ga shi nan an fara. Yaya Na Tsibiri, wato fadar Maradi ba a busa algaita? Sarautar nan daga Birnin Katsina ta taso da tamburanta da masu busanta.

Na Tsibiri: Ban ce ba a busawa. Na ce a zo a ji bambanci. Gobir ma ba jiya anka fara ta ba.

Ɗan Maradawa: Turo shaida. Ɗauka biyu, ta can da ta nan, kar a faɗi wacce ce wacce, zaure ya zaɓa.

Na Tsibiri: Ba a auna busar fada da ƙuri'ar waya.

Mai Sitidiyo: Ni abin da ya dame ni daban ne. Duk sanda aka ce kiɗa ba waƙa, sai a koma kan kalangu da algaita, a ce piyano ba kiɗa ba ne. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan zalla a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, an yi shekaru ana sa shi tsakanin shirye-shirye, a 2013 aka sake fitar da shi a ƙasashen waje. Shi ma beben ne? Kuma tunda an zo nan, masu cire murya daga waƙa su turo mana a matsayin kiɗa zalla, ku daina. Tsohuwar dabarar tana goge duk abin da ke tsakiyar kunne biyu ne, murya ta tafi, amon ganga na ƙasa ya bi ta. In kaset ɗin kunne ɗaya aka ɗauke shi, kamar yawancin na da, komai ne zai goge. Sabbin manhajojin kuma ba sa raba goge da muryar mutum, domin a wuri ɗaya suke zaune. Sai ka ji goge na shiga yana fita, ga inuwar mawaƙi tana motsi a baya.

Baba Mai Kalangu: To ai in akwai bebe cikin kayan kiɗa, piyanonka ne, ɗana. Muryoyi 12 anka yanka masa, tsakaninsu ba komi. Gurmi wuyansa sumul yake, ba gaɓoɓi, yatsa na zamewa inda ya so. Ka ce wa piyano ya gaida mutum.

Mai Sitidiyo: Baba, akwai ɗan taya a gefen hagu, da shi ake lanƙwasa murya sama ko ƙasa, galibi taki biyu kowane gefe. Kuma irin piyanon da ake yi don kiɗan Larabawa ana sauke wasu muryoyin da rabin taki, a sami abin da ke tsakani.

Baba Mai Kalangu: Taya! Ka ji ko. Sai an sa masa taya kafin shi yi sallama.

Hajiya ta Zariya: Ku maza kun iya cika wuri. Tun ɗazu ba wanda ya ambaci kiɗan ƙwarya ko shantu. A kifa ƙwarya cikin ruwa a babban masaki, a buga da ƴan sanduna, yawan iskar da aka bari ƙarƙashinta shi ke sauya amo: in ta nutse sosai amo ya canza, sai a ɗaga ta a sake kifawa. Wannan ba ya faɗin kirarin kowa, kuma babu macen da ta taɓa kiran shi bebe. Sannan ƙanena Mai Sitidiyo ya yi gaskiya kan goge. Tsagiyar doki ce tsarkiyarsa, tsagiya ce izgarsa, ƙwarya an rufe ta da fatar guza, ɗan jaki, wato ɗan icen da ke bisa fatar, na ɗauke da tsarkiya. In ba a goga ƙaro a izga ba sai ta riƙa zamewa ba sauti, in ya yi yawa sai ta yi kaushi. Ku saurare shi gefe da imzad na matan Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan gado a 2013. Tsarkiya ɗaya ne su duka, amma na Abzinawa ƙwaryarsa ta fi faɗi, muryarsa ta fi kwanciya.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, a yi hattara da gogen nan. Rabin abin da ake kira kiɗan goge zalla taken iskoki ne na ƴan bori. Tunda Baba ya ce kiɗa na magana, to mu san abin da muke sa wa wayoyinmu.

Hajiya ta Zariya: Ɗana, goge ya yi biki, ya yi dandali, ya yi bori. Garaya ma ta maharba ce kuma ƴan bori na amfani da ita. Wanda ya san taken ya rubuta a kai, wanda bai so ya wuce.

Malamin Lakwal: Kun ga abin da nake faɗi. Sai wanda ya san taken zai iya rubutawa. Wanda bai sani ba, sauti kawai ya ji.

Ɗan Sabon Gari: Malam, kar ka jawo ni ɓangarenka, ni ba abin da na ce ke nan ba.

Mai Gyaran Rediyo: Ko da ba wanda ya tambaya, masu tsofaffin kaset ku ji. Kafin ku juya zuwa waya ko kwamfuta, ku goge kan na'urar da auduga da ɗan alkol, ku bari ya bushe. Ku duba ɗan soson da ke bayan zaren kaset ɗin, in ya faɗi sauti zai dushe, ana manna wani daga kaset marar amfani. Zare yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, in robar da ke juya shi ta saki sai gudu ya ragu, gurmi ya koma kamar molo, ku kuma ku yi ta musu kan abin da ba shi ba ne. Ku haɗa su da kebul daga ramin abin kunne na na'urar kaset ɗin, kar ku ƙure ƙara, rabi ya isa. Masu ɗauka kai tsaye kuma: a kashe fanka, a sa waya yanayin jirgi, a kashe abin rage hayaniya domin yana ɗaukar jan goge a matsayin hayaniya. Gurmi a bar kamu biyu tsakaninsa da waya, kalangu mita 2 zuwa 3, algaita kuwa kar a sa waya gaban bakinta, a tsaya daga gefe.

Ɗan Maradawa: Gurmi ya koma molo yaya? Molo tsarkiya uku, jikinsa ice ne dogo. Gurmi biyu, jikinsa ƙwarya.

Na Tsibiri: Gurmi uku na.

Ɗan Maradawa: Biyu.

Mai Gyaran Rediyo: Akwai mai biyu, akwai mai uku. Ni amo nake nufi, ba ƙira ba.

Ɗan Bagalam: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Na janye beben. Ga abin da nake so mu yi: mako ɗaya, kiɗa biyu a jere, ɗaya na gida ɗaya na waje. Kora ta Mali mai tsarkiya 21 gefe da biram mai tsarkiya 5 ta masuntan tafkin Cadi, wadda marigayi Malam Maman Barka ya raya. Kiɗan Habasha mai hawa biyar gefe da gurmi, za ku ji yadda suke kusa. Amma a turo su da suna, ta wurin takardu.

Baba Mai Kalangu: Ka janye, amma Malam bai janye ba.

Malamin Lakwal: Ba zan janye ba, Baba, sai yaron ya dawo da geron.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Na karanta komai, ga inda aka tsaya. An tabbatar kalangu yana magana, Baba ya kawo bayani dalla-dalla kuma ba a sami wanda ya rushe shi ba. Malam ya yi tambayoyi irin na ƴan boko, an amsa masa. Maganar algaita, kowa ya san fadar Maradi ba ta da na biyu, amma muna girmama baƙinmu na Tsibiri. Daga yau kalmar bebe ta haramta a zauren nan. Kiɗan piyano da duk abin da ke aiki da wuta, ranar Lahadi kawai, kada ya danne na hannu. Goge a sa masa alama. Batun fayil da ƙanenmu ya kawo, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa.

Na Tsibiri: Baƙi? Mu da ke bayan gari?

Malamin Lakwal: Shugaba, a nuna mini layin da aka amsa mini.

Hajiya ta Zariya: Ƙwarya da shantu ba su shiga lissafin ba ke nan.

Mai Sitidiyo: Ranka ya daɗe, gurmin da aka manna wa makirfo a ƙarƙashin jaki aka jona shi da lasifika, na Lahadi ne ko na kullum?

Shugaban Zaure: Wanda makaɗin Maradi ya buga, na kullum ne. Saura a turo mini in ji tukuna.