Jiƙon kanwa da "tsamin jini"

Maman Hauwa: Assalamu alaikum. Yayata ta ce jinina ne ya yi tsami, shi ya sa nake yawan gajiya. Kullum da asuba sai ta jiƙa mini kanwa a kofi in shanye. Don Allah haka ne?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki daina. Huhu da ƙoda ne ke riƙe ma'aunin tsamin jini (ana kiransa pH) tsakanin 7.35 da 7.45. Tsamin fitsari abinci yake sauyawa, ba na jini ba.

Inna Kano: Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, mai hawan jini ta kiyaye. Ɗan ƙulli a tukunyar wake ba laifi.

Baban Khalifa: Gajiyar ce ta dame ni. Ki je asibiti a duba ko ƙarancin jini ne.