Ƙanwata ta samu gurbi a Amurka, ta goge Facebook ɗinta ko ta bari?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a wata jami'ar Amurka, saura biza. Tun tana sakandare take rubutu a Facebook kan Gaza, wasu da zafi. Fom ɗin neman biza na DS-160 kuma yana neman sunayen shafukan da mutum ya yi amfani da su cikin shekara 5. Ta goge ne ko ta bari?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ɗiya mace har Amurka? Ga jami'ar jiha a Tudun Wada, ga ta Kashere.

Ɗan Bolari: Hajiya, Baba ya riga ya sa albarka.

Malamin Kwamfuta: Kada ta goge ta ce ba ta da shi. Tun 2019 ake wannan tambayar, kuma ƙarya a fom ta fi rubutun illa. Daga Yunin 2025 ma cewa gwamnatin Amurka ta yi ɗalibi mai neman biza ya buɗe shafinsa kowa ya gani. Jami'o'in su ma ba barci suke ba. A 2017 Harvard ta janye gurbin aƙalla ɗalibai 10 kan hotunan izgili da suka yi ta turawa a rukunin sirri.

Baba na Kumo: Ni dai ku guji masu cewa za su wanke wa yaro shafi. Wani ejan ya karɓi kuɗin bijimin da na sayar, ya karɓi lambar sirrin ɗana wai zai share tsofaffin rubutu. Sai ga ƙanwar matata ta kira tana kuka, wai yaron ya turo saƙo yana asibiti a taimaka masa. Har surukata ta tura kuɗi. Shafin ya tafi, bizar ba a samu ba, yaron yanzu yana shagon caji. Allah ya isa.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Pantami: Duk wahalar nan kan bizar dala 160?

Malamin Kwamfuta: Tsohon farashi ne. 185 ne tun 2023, ban da 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje.

Baba na Kumo: Ni abin da aka caje ni ya ninka haka.

Ɗan Pantami: Malam, kai ka taɓa shiga ofishin jakadancin ne, ko a waya ka karanto?

Malamin Kwamfuta: Fom nake cike wa mutane, ɗan'uwa.

Ɗan Pantami: Shi ma ejan ɗin Baba fom yake cikewa.

Sarkin Zolaya: Nawa shafin duk kukan Man United ne. In suka duba, don tausayi ma sa ba ni.

Maman Biyu: Gara can ana duba rubutu. Nan JAMB ba ruwanta da Facebook, amma 'yata maki ya kai, CAPS, shafinsu na ba da gurbi, shiru, ɗan maƙwabcinmu da bai kamo ƙafarta ba yana aji biyu. Wa ya san wani babba?

Ɗan Bolari: Jama'a, ta goge ko ta bari?

Ɗan Pantami: Hajiya, wane kwas ta nema?